Daga waken Mendel zuwa jinin sikila: bitar darasin gado

Da yawa a cikinmu muna karatun allo da na boko a haɗe, wasu kuma BEPC ko Probatoire na jiran su a ƙarshen shekara. Don haka bari mu yi bitar darasin gado a ilimin halittu, mu ɗora shi a kan cutar da kowa ya sani a Garwa, wato sikila ko amosanin jini, wadda a asibiti za ka ji ana ce mata drépanocytose.

Mu fara daga gona. Manomin dawa yana ware zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri, domin ya san ɗa kan ɗauko uwa. Haka irin audugar da Sodecoton ke raba wa manoma zaɓaɓɓe ne. Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan gado shi ne Gregor Mendel, a birnin Brno da ke ƙasar Cek a yau, kuma ya wallafa bincikensa a 1866. Ya haɗa auren wani irin wake na Turai, dogo da gajere, sai 'ya'yan suka fito duka dogaye. Da waɗannan suka yi iri a tsakaninsu, sai ya ƙirga jikoki: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Ashe gajartar ɓuya ta yi, ba ɓacewa ba. Kowane hali yana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kuma wata kan rinjayi wata.

To ina ƙwayoyin nan suke? Suna kan zarurruka 46 da ake kira kuromosom a cikin ƙwayar halittar ɗan Adam, 23 daga uba, 23 daga uwa. Zaren an yi shi ne da DNA, ADN a Faransanci, wanda Watson da Crick suka bayyana siffarsa a 1953 da taimakon hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Ana karanta su uku-uku, kowane uku suna nuna amino asid ɗaya, su kuma amino asid in aka jera su kamar 'ya'yan carbi sai su ba da furotin.

Furotin ɗin da ya shafe mu a nan shi ne himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a jan jini. Abin mamaki, ƙirar wani sashe nasa tana da kama da ta kulorofil, koren da ke cikin ganye mai kama hasken rana ya haɗa wa tsiro abinci. Sai dai a tsakiyar na ganye maganiziyom ne, a namu kuwa ƙarfe ne. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

A jikin mai sikila harafi ɗaya ne ya sauya a kuromosom na 11: GAG ya koma GTG. Sai amino asid na shida a cikin jerin 146 ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin. Vernon Ingram ne ya gano wannan sauyi wajen 1957. Mu da muka san yadda ɗigo ke raba ba'un da ta'un ba za mu raina harafi ba. In oksijin ya yi ƙaranci, wannan himogulobin yana sandarewa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Nan ne ciwon ƙashi ke tasowa. Kuma ƙwayar lafiyayya tana yin kwana 120, ta sikila kuwa 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan ƙarancin.

Yanzu ga lissafin Mendel a jikinmu. Mai AA ba shi da ƙwayar. Mai AS yana ɗauke da ita amma galibi lafiyarsa lau, kamar dogon waken nan da ya ɓoye gajarta. Mai SS shi ne maras lafiya. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu AS, ɗaya AA. A lura, kowane ciki ne. Ba wai in na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira ba. In kuwa AA ya auri AS, ba a samun SS.

Me ya sa ta yawaita a wajenmu? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka ƙwayar ta yaɗu inda sauro yake, kamar bakin Binuwai. Masana sun kasa ƙwayar gida biyar, ɗaya ma sunan Kamaru aka sa masa.

Saboda haka, iyayenmu, sikila ba maita ba ce, ba aikin aljanu ba ce, kuma ba laifin uwa kaɗai ba ne, domin sai uba ma ya ba da tasa. Gwajin jini da ake kira électrophorèse shi ke nuna ko mutum AA ne, AS ko SS. A yi shi tun kafin a kai goro, musamman a auren zumunci, inda ma'aurata suka haɗa kaka. Fasa magana da wuri ya fi sauƙi a kan kwana a asibiti da yaro yana kuka.

Wanda Allah Ya riga Ya jarraba da ita kuma, a taimaka masa: ya yawaita shan ruwa, balle a zafin Maris da Afrilu, ya rufe jiki a hunturu, ya kwana cikin gidan sauro, a kai shi asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Maganar azumi kuma ya tambayi likita da malam. Mu 'yan aji kada mu tsokane shi don idonsa ya yi rawaya ko don yana yawan fashin makaranta, mu kwafa masa darasin da ya wuce shi. Ranar 19 ga Yuni ce ranar sikila ta duniya, mu tuna da su a ranar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.