Hukuncin Ƙalubalantar Takardar Tarar Hanya A Kotu Saboda Kuskuren Rubutu

Tambaya:

Ni direban haya ne. Wani jami'in hanya ya tsayar da ni saboda na tsallake danja, ya rubuta mini takardar tara. Daga baya na lura ya yi kuskure a lambar motata, ya sa 7 a inda ya kamata ya sa 1, kwanan watan ma ba daidai ba ne. Abokan aikina a tasha sun ce in je kotu in ce ba motata ba ce, za a soke tarar. Gaskiya kuwa laifin na yi shi. Shin ya halatta in yi haka?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

A taƙaice: ya halatta ka nuna wa alƙali kuskuren da ke cikin takardar, domin gaskiya ne akwai shi. Amma bai halatta ka gina ƙarya a kansa ba, ka ce ba kai ba ne ko ba motarka ba ce. Kuskuren alƙalamin jami'i ba ya canza abin da ya faru a kan titi. Ga bayanin dalla-dalla.

Na farko: matsayin dokar hanya da tararta

Dokokin hanya, irin su tsayawa a danja, ƙayyade gudu, hana bin hannun da ba naka ba da hana lodin wuce ƙima, an sa su ne don kare rai da dukiya, waɗanda suna cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don kiyaye su. Allah Maɗaukaki ya yi umarni da biyayya ga majiɓinta al'amari a Suratun Nisa'i aya ta 59, kuma hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya hana cuta da cutarwa. A kan haka ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai shekara ta 1414 Hijira (1993), ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma hukuma tana da damar sa horo ga mai karya su, har da horon kuɗi.

Malamai sun yi saɓani tun da a kan horo da dukiya, wato ta'aziri da kuɗi. Da yawa daga malaman mazhabobi huɗu sun hana, don tsoron kada azzaluman shugabanni su mai da shi hanyar cin dukiyar talakawa. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya halatta. Haka Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, kuma Ibnu Farhun, malamin Malikiyya, ya kawo misalansa a Tabsiratul Hukkam. Abin da ya fi ƙarfi a yau shi ne halaccinsa idan doka ta ƙayyade shi, kuma kuɗin asusun hukuma zai shiga. Saboda haka tarar da aka ci ka bisa laifin da ka aikata ba zalunci ba ce da za ka nemi dabarar guje mata.

Na biyu: zuwa kotu haƙƙinka ne

Babu laifi ga Musulmi ya je gaban alƙali ya ƙalubalanci abin da aka rubuta a kansa. Ƙa'idar da ta zo a hadisin Ibnu Abbas, wanda Baihaƙi ya ruwaito, ita ce hujja tana wuyan mai da'awa. A nan jami'i ne mai da'awa, kai ne wanda ake da'awa a kansa. Ibnu Asim ya ambata a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan kotunan Shari'a na ƙasarmu suka sani sarai, cewa dole da'awa ta zama tabbatacciya kuma bayyananniya. Sayyidina Umar (RA) kuma, a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, ya hore shi da kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa. Idan ana gyara hukuncin alƙali, to takardar jami'in hanya ta fi cancantar a gyara ta.

Dokar ƙasa ma ta ba da wannan dama. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko KAROTA a Kano ko makamantansu suka rubuta wa tara yana iya bayyana gaban majistare, ko a kotun tafi-da-gidanka, ya faɗi nasa.

Na uku: kuskuren kashi uku ne

1. Kuskuren da ya ɗora maka laifin da ba ka yi ba, kamar a rubuta lambar motarka alhali wata mota ce ta yi laifin, ko a ce ba ka da lasin alhali kana da shi. Wannan ka ƙalubalance shi da hujjarka, ba ka da laifin komai, domin tunkuɗe zalunci ne.

2. Kuskuren da ya ƙara maka nauyi, kamar ka yi laifin rashin ɗaura bel a rubuta maka tuƙin ganganci, wanda tararsa ta fi yawa. A nan ka amsa abin da ka yi, ka musanta ƙarin, ka biya abin da ya hau kanka.

3. Kuskuren da bai taɓa asalin laifin ba, kamar harafi a sunanka, ko lamba ɗaya, ko kwanan wata. Wannan shi ne halin da kake ciki. Abin da ya halatta gare ka shi ne ka ce: "Ranka ya daɗe, ni aka tsayar, amma lamba da kwanan watan da ke takardar nan ba daidai ba ne." Idan alƙali ya ji haka ya soke tarar, ko ya rage, ko ya yi maka gargaɗi kawai, to ka kuɓuta daga biyan kuɗin, domin ta'aziri yana hannun hukuma, tana iya zartarwa tana iya yafewa. Abin da ya rage a kanka shi ne tuba daga jefa rayukan mutane cikin haɗari.

Na huɗu: abin da ya haramta

Shawarar abokan aikinka ƙarya ce tsagwaronta a gaban alƙali. Allah ya haɗa hani ga ƙazantar gumaka da hani ga maganar zur a aya guda, Suratul Hajji aya ta 30. A hadisin Abu Bakrata na Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Idan kuma aka rantsar da kai ka rantse a kan ƙarya, wannan ita ce rantsuwar gamusu, mai dulmuya mai ita cikin zunubi. Idan ka kawo yaron motarka ya shaide ka, ka jawo shi cikin laifin tare da kai.

Kada kuma ka zaci hukuncin alƙali zai wanke ka. A hadisin Ummu Salama (RA) na Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya bayyana cewa yana hukunci ne bisa abin da ya ji, kuma wani kan fi wani iya tsara hujja, to wanda aka yanke masa abin da ba nasa ba yankin wuta aka yankar masa. Malamai sun ɗauko daga nan cewa hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Wanda ya tsira daga tara ta hanyar ƙarya sai ya tuba, ya mayar da kuɗin asusun hukuma. In ya rasa hanyar yin haka, ya sa su a abin amfanin jama'a.

Game da cewa "ban amsa laifi ba" lokacin da aka karanta tuhuma, a al'adar kotu ana fahimtarta da ma'anar neman mai ƙara ya kawo hujjarsa. Amma ga wanda ya san ya aikata, abin da ya fi tsira shi ne ya faɗi gaskiya ya nemi sassauci, bisa umarnin Suratun Nisa'i aya ta 135 na tsayar da adalci ko da a kan kai ne. Lauyan da ya san gaskiyar maganar shi ma bai halatta ya tsara maka ƙarya ba, saboda aya ta 105 ta wannan sura ta hana zama mai kare maha'inta. Ba wa magatakarda ko jami'i na goro don takardar ta ɓace kuwa rashawa ce, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito tsinuwa a kan mai ba da ita da mai karɓarta.

Na biyar: haƙƙin wani yana iya shiga ciki

Lambar da aka rubuta bisa kuskure tana iya zama ta motar wani bawan Allah. In ka yi shiru, ko ka ce ba taka ba ce, laifinka yana iya komawa kansa, a tsare shi wata rana a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan akwai wannan tsoron, sanar da hukuma kuskuren ya zama wajibi a kanka.

Ka kuma sani cewa dabarar ba ta cika ci ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba da damar a gyara tuhuma kafin a yanke hukunci, kuma kotuna ba su cika ɗaukar ƙaramin kuskuren da bai ruɗar da wanda ake tuhuma ba a matsayin dalilin rushe ƙara. Mutum yana iya yin ƙarya, ya ɗauki zunubi, kuma ya biya tarar.

Shawara

Ka riƙa karanta takarda tun a wurin kafin ka sa hannu. Ka adana ta, ka ɗauki hotonta a waya. Ka fara zuwa ofishin hukumar da takardun motarka a gyara kuskuren, sau da yawa magana takan ƙare a nan. Idan ranar kotu aka ba ka, kada ka ƙi zuwa. Idan biya ya tabbata, ka biya ta banki ka karɓi rasit, kada ka danƙa wa kowa a hannu.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa mu cikin masu gaskiya.

Wallahu A'alam.