Kora Daban, Hijira Daban

Jama'a, mu gyara wannan. A nan Sabon Garin Wudil, ɗalibaina kan rubuta wai Sarkin Kano Alu "ya yi hijira" zuwa Lakwaja. A'a! Hijira kai ne ke tashi da ƙafarka. Alu kuwa kama shi aka yi a 1903, Turawa suka kai shi Yola, sannan Lakwaja. Wannan kora ce.

Balarabe "nafyu" yake ce wa kora, kuma da ita yake kiran korewa a nahawu, kamar yadda muke cewa korarriyar jimla. Shi kuwa Bature, "exile" ɗaya ta ɗauke masa kora da hijira duka. To ka lura: in ka fassara ta da hijira a labarin Alu, ka wanke waɗanda suka yi korar.