Me ke hana ɗaliban karkara a Nijar yin karatu ta intanet?

A ranar kasuwa, a yawancin ƙauyukan jahohin Maradi, Damagaram da Tawa, rumfar mai cajin salula ba ta rabuwa da jama'a. Da faifan sola ko ƙaramin injin wuta, mai rumfar kan jera wayoyi a kan tebur, kowace da alamar mai ita, a biya shi ƴan daloli a dawo da yamma a karɓa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa salula ta shiga lungu da saƙo na ƙasar nan. Sai dai riƙe salula daban, samun ilimi ta hanyarta kuma daban.

An ga haka ƙarara a shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu daga watan Maris har zuwa farkon watan Yuni. A Yamai da wasu manyan birane, yaran da iyayensu ke da babbar waya sun samu damar karɓar darussa ta WhatsApp ko bin su ta talabijin. A ƙauye kuwa, karatu ya tsaya cik har ranar da aka sake buɗe aji. Wannan tazara tsakanin mai iya amfani da intanet da wanda ba ya iyawa ita ake kira giɓin fasahar zamani, kuma a Nijar tana da faɗi: ƙiyasin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke amfani da intanet a ƙasar. Alƙaluman da ake samu daga kamfanonin sadarwa sukan fi haka yawa, saboda su layuka suke ƙirgawa, alhali mutum ɗaya a birni na iya riƙe layi biyu ko uku.

Ta ina intanet ke shigo mana?

Mafi yawan saƙonnin intanet na duniya suna bi ne ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka dole ta jawo nata ta ƙasashen maƙwabta irin su Benin da Najeriya, ta wayar nan mai zaren gilashi da ake binnewa a ƙasa. Daga nan ake kai shi ga dogayen eriyoyin kamfanoni huɗu da ke aiki a ƙasar, wato Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, su kuma eriyoyin su aika wa wayoyin jama'a. Idan wani abu ya faru a can bakin teku, mu ma nan sai mun ji a jikinmu. A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a kusa da gaɓar Kodibuwa, lamarin da ya raunana intanet a ƙasashen Afirka ta Yamma masu yawa, ciki har da Nijar.

Faɗin ƙasar shi ma wani nauyi ne. Nijar tana da murabba'in kilomita 1,267,000, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na al'ummarta a karkara suke zaune. Kafa eriya ɗaya na cin kuɗi mai yawa: ƙarfe, batura, faifan sola ko gazuwal, mai gadi, da hanyar da za a bi a je gyara. Kamfani kan duba ko mutanen wurin za su sayi kredin da zai maido masa da kuɗinsa. Shi ya sa birane da garuruwan da ke bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram suka riga samun rezo mai ƙarfi, yayin da ƙauyuka da dama ke da rezon da ya isa kira da gajeren saƙo kawai, ba ya iya buɗe bidiyon darasi.

Akwai ayyukan da aka ƙaddamar don cike wannan giɓi. Da tallafin Bankin Raya Afirka, an yi aikin shimfiɗa wayar zaren gilashi mai tsawon sama da kilomita 1,000 don haɗa Nijar da iyakokin Aljeriya, Chadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso, ciki har da reshen Damagaram zuwa Magarya. A shekarar 2020, Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin ƙauyuka na zamani da hukumar ANSI ke jagoranta, wanda burinsa shi ne kai sadarwa ga ƙauyuka sama da 2,000. A 2025 kuma, kamfanin Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam ya soma aiki a ƙasar da izinin hukuma. Wannan hanya ba ta buƙatar eriya a kusa, amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin iyali ɗaya na ƙauye. Inda za ta fi amfani shi ne wurin da jama'a ke tarayya, kamar makaranta, likita ko ofishin magajin gari.

Ba wuta, ba intanet

Ko da rezo ya iso, waya sai da caji. Kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na ƴan Nijar ke da wutar lantarki, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka katse ta a watan Agustan shekarar, a ƙarƙashin takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, birane ma sun ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a farkon 2024.

Ƙaramar waya mai maɓallai na iya kwana uku ko huɗu da caji ɗaya. Babbar waya da ake kallon bidiyo da ita ba ta wuce yini. Ga ɗalibin da sai ranar kasuwa yake samun caji, wannan bambanci shi ne komai. Rana kuwa ba mu rasa ta ba. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ta soma aiki a 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 kuma a 2023. Amma abin da makarantar ƙauye ke buƙata bai kai haka ba: faifai kaɗan, batir, da mutumin da ya iya kula da su idan ƙura ta rufe su ko batir ya mutu.

Kuɗin waya da na forfe

Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne na sefa a wata tun daga farkon 2024, kuma manoma da makiyaya da yawa ba sa samun ko wannan a kai a kai. Babbar waya mafi araha na iya cinye kusan albashin wata guda. Bayan an saye ta kuma, sai ta riƙa cin forfe kullum. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ma'aunin cewa bai kamata kuɗin intanet na buƙatar yau da kullum ya wuce kashi 2 cikin 100 na abin da matsakaicin ɗan ƙasa ke samu a wata ba. A ƙasar da samun jama'a ya yi ƙasa kamar tamu, ko farashin da ɗan birni ke gani da sauƙi yakan zarce wannan ma'auni.

A gidan da waya ɗaya ce tak, galibi tana aljihun mai gida, ta bi shi gona, kasuwa ko ci-rani. Mata da ƴan mata su ne na ƙarshe da ke kaiwa gare ta. Duk shirin da ya ɗauka cewa kowane ɗalibi na da waya a gida, to ya bar yarinyar ƙauye a baya tun kafin ya soma.

Wanda bai iya karatu ba fa?

Manya da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Gwajin PASEC da ake yi a ƙasashe masu amfani da Faransanci ya nuna a 2014 cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare ne ke fahimtar abin da suka karanta yadda ya kamata. A 2019 adadin ya tashi zuwa kusan kashi 30. Ci gaba ne, amma har yanzu yara bakwai cikin goma ba za su amfana da shafin intanet mai rubutu ba ko da an ba su shi kyauta. Wannan ne ya sa saƙon murya na WhatsApp ya karɓu haka: ba ya neman boko. Illarsa ita ce ƙarya ma tana yawo da shi cikin sauƙi, kuma wanda bai iya bincike ba ba shi da hanyar tantance ta.

Sai kuma harshe. Galibin darussan da ke intanet da Faransanci ko Ingilishi suke. Nijar ta daɗe da sanin amfanin koyarwa da harshen gida, tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma littattafai da darussan lissafi, kimiyya ko tarihi da aka tsara bisa manhajar Nijar da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek ko Barbarci, waɗanda za a iya saukewa a waya, har yanzu kaɗan ne.

Darussa biyu daga ƙasarmu

A 2009 da 2010, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci a ƙauyuka 113 na jahohin Doso da Damagaram. A kusan rabin ƙauyukan, an ƙara koya wa ɗaliban yadda ake amfani da ƙaramar salula: gane lambobi da haruffa, kira, da rubuta gajeren saƙo. Mutum biyar ne ke tarayya a waya ɗaya. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka sun gano cewa waɗanda suka koyi salular sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi, kuma bambancin lissafin bai gushe ba watanni bayan an rufe ajin. Dalilin a fili yake: sun samu abin da za su yi da karatun kullum, kamar aika saƙo ga ɗan'uwa a ci-rani ko tambayar farashin hatsi. A wani binciken da ya biyo baya a Maradi da Damagaram, kiran waya sau ɗaya a mako ga malami, mai gari da wasu ɗalibai don jin yadda aji ke tafiya shi ma ya ƙara sakamakon karatu. A duka biyun babu intanet, babu kwamfuta, kuma malami yana nan a gaban allo.

Darasi na biyu ya fi tsufa. A 1964, Nijar ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyarwa ta talabijin a makarantun firamare, da taimakon Faransa. Shirin ya yi suna har a ƙetare, amma bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasar ba. Tsadar kayan aiki, wahalar gyara da dogaro da kuɗin waje sun taƙaita shi, daga baya kayan suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Duk mai niyyar raba allunan zamani a makarantu yau ya kamata ya fara tambayar wa zai gyara su, kuma da kuɗin wa, bayan mai tallafi ya tafi.

Daga ina ya kamata a fara?

Akwai masu cewa maganar intanet ta yi wuri a ƙasar da dubban ajujuwa har yanzu na zana da kara ne, inda gobara ta hallaka yara sama da 20 a wata makaranta a Maradi a watan Nuwamban 2021. Suna da hujja, gina aji da horar da malami su ne gaba. Sai dai fasaha mai sauƙin kuɗi na iya tafiya tare da su. Malami ɗaya da ke da waya, caji da darussan da aka tsara masa yana amfanar yara hamsin ko fiye, don haka shi ya fi cancanta a fara da shi. Ana iya zuba littattafai da bidiyo a katin waya ko a wata ƙaramar na'ura da ke raba su cikin aji ba tare da rezo ba, kamar yadda matasa suka saba tura wa juna waƙoƙi da finafinai. Gidajen rediyon al'umma, waɗanda suka haura ɗari a faɗin ƙasar, suna isa inda eriyar salula ba ta kai ba, kuma da harshen masu sauraro suke magana.

Jami'o'in Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai suna yaye matasan da za su iya rubuta waɗannan darussa da harsunan gida, su naɗi muryoyinsu, su kuma gyara na'urori. Iyaye da kwamitocin kula da makarantu su ma suna da ta cewa. Duk ranar da aka zo wa ƙauyensu da shirin kayan zamani, suna da haƙƙin tambayar inda za a yi caji, harshen da darussan ke ciki, horon da aka ba malami, da kuma ko ƴan mata za su taɓa na'urar kamar yadda maza za su taɓa.