Fabiana Luperini: Gwanar tseren keke da aka laƙaba wa sunan wani

Mu 'yan kasuwa mun sani, kaya komai kyansa, in aka kasa shi a lungun da masu saye ba sa bi, sai ya kwana. Abin da ya sami Fabiana Luperini ke nan, 'yar ƙasar Italiya, wadda aka haifa a garin Pontedera a shekarar 1974.

A tseren keke na Turai, gasa biyu ne manya: zagayen Italiya da ake kira Giro, da zagayen Faransa. Kowanne kwanaki ake yi ana hawan duwatsu ana gangarowa. Luperini ta lashe na mata duka biyun a 1995, ta maimaita a 1996, ta kuma yi a 1997. Ta sake ɗaukar na Italiya a 1998, sannan bayan shekara goma, a 2008, ta ɗauka karo na biyar tana da shekara 34. Ta ajiye tsere a 2014.

To amma da wane suna 'yan ƙasarta suka san ta? "Pantanina", wato ƙaramar Pantani, saboda ƙwarewarta wajen hawan dutse. Shi kuwa Marco Pantani sau ɗaya tak ya haɗa gasar biyu a shekara guda, a 1998, bayan ita ta riga ta yi sau uku a jere. Ga shi har yau sunansa ne duniya ta riƙe.

Dalili kuwa na kasuwa ne. Ƙungiyoyin keke ba su da kuɗin ƙofa, domin a bakin hanya ake kallo kyauta. Kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu don a ga sunansu a rigar ɗan tsere ta talabijin. A zamanin Luperini ba a cika nuna tseren mata ba, saboda haka kuɗi bai shigo ba. Hatta zagayen Faransa da ta ci, ba masu shirya na maza ne suka shirya shi ba. An tilasta masa canza suna a 1998, kuma ya mutu bayan 2009.

Sauyi ya zo bayan ta sauka. A 2020 hukumar keke ta duniya ta sa wa manyan ƙungiyoyin mata mafi ƙarancin albashi, Yuro 15,000 a shekara. A 2022 masu gasar maza ta Faransa suka buɗe ta mata, ana nunawa kai tsaye. Duk da haka wadda ta ci ta karɓi Yuro 50,000, kusan sefa miliyan 33, namiji kuwa Yuro 500,000.

Sai a 2024 wata 'yar Italiya, Elisa Longo Borghini, ta sake lashe Giro, kuma ita duniya ta kalle ta. Hanyar da ta bi, Luperini ta riga ta hau ta sau biyar, lokacin da rumfar ba ta da masu saye.