Kada a Buga wa Tankin Babur Iska

Da wuya babur ya faɗi, tanki ya lotsa, a rasa wanda zai ce a majalisar 'yan acaba, "Malam, kai wa mai faci ya buga masa iska, yanzu zai miƙe." Masu wannan shawara da kyakkyawar niyya suke yi. Sun ga jarka ta lotsa, an hura ta, ta dawo daidai, wasunsu ma sun ga tankin da aka yi wa haka aka dace. Ga kuma tsoron mai gyaran bodi, domin da ya sa wuta da guduma fentin kamfani ya tafi, ranar sayarwa kuwa dillali sai ya rage kuɗi. Na fahimci uzurinsu, amma ban yarda da shawarar ba.

Iska ba ta san inda lotsawa take ba, ko'ina take turawa daidai wa daida. Gejin 30 da ake buga wa taya yana danna kusan kilo 2 a kan kowane murabba'in santimita, wato fili mai santimita 10 tsawo da faɗi yana ɗaukar wajen kilo 200. Ƙarfen tankin Bajaj ko Jincheng kuwa kaurinsa bai wuce kimanin milimita 1 ba. Tun asali ma ba a ƙera shi don riƙe iska ba, shi ya sa aka bar masa 'yar kafar numfashi. Wurin da ya fi rauni yana ƙasa, kwarmin nan da ke hawa kan ƙashin bayan babur. Sau da yawa kafin lotsawar ta motsa, kwarmin ya buɗe, tanki ya ƙi zama kan robobinsa, ko ɗinkin walda ya tsage, fetur ya riƙa ɗiga kan inji mai zafi. Wanda ya dace, sa'a ce ta sa lotsawarsa ta riga ɗinkin sakewa.

Abin da ke aiki ya fi cin lokaci. A cire tankin, a juye mai, a wanke da ruwa da sabulu, a bar shi a buɗe ya sha iska nesa da wuta da masu sigari, don tururin fetur da ke cikin tankin da aka juye ya fi man kansa saurin kamawa. A ɗumama fentin kaɗan, ko da a rana ne, saboda fenti mai sanyi saurin tsagewa yake yi. Sai a manna 'yar roba mai kai a wurin da gam ɗin nan na narkawa, a ja a hankali, a sa sifirit ya saki gam, a maimaita. Idan hannu na kaiwa ta bakin tanki, sandar ƙarfe mai dunƙulallen kai da aka naɗe da tsumma tana turowa daga ciki, ana farawa daga gefe ana matsowa tsakiya.

Wannan ma yana da iyaka. Tankin da aka taɓa yi wa fenti a gareji, gam na iya ɗaye fentin. Lotsawa mai kaifin layi, irin wadda kan sitiyari ke yi, ƙarfen ya riga ya miƙe a wurin, ba zai koma yadda yake ba. Wannan sai mai gyaran bodi, ya cike, ya goge, ya sake fenti.