FILIN MANOMA: Komawa Gona Bayan An Bugu A Ka

Aikin gona ba ya rasa haɗari. Wani ya kan faɗo daga kan ɗorawa ko gawo garin sassaɓo wa dabbobi ganye, wani jaki ya harbe shi, wani sān huɗa ya tunkuye shi, wani kuma ya faɗo daga amalanke ko babur da kaya. Sau da yawa ba a ganin jini ko rauni, sai a ce ai ya tsira, ya tashi ya kama aiki. Nan ne kuskuren ya ke.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi, tana cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugu da ƙarfi sai ta girgiza, aikinta ya rikice na wani lokaci. Ba lalle ba ne mutum ya suma. Yawancin masu wannan ciwo ba su suma ba. Alamunsa su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mantuwa, da saurin fushi, da ƙin haske ko hayaniya. Wani lokaci ba sa bayyana sai bayan sa'o'i, ko kashegari.

Da farko dai, wanda ya bugu kada ya koma aiki a ranar, ko da ya ce garau ya ke ji. A kai shi malamin asibiti ya duba shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai a kwanan farko. Yana iya barci, amma wani ya riƙa leƙa shi. In ya yi ta amai, ko ciwon kan ya yi ta ƙaruwa, ko ya yi wuyar tashi daga barci, ko ya yi jijjiga, ko maganarsa ta rikice, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko jini ko farin ruwa ya fito ta kunne ko hanci, to, sai babban asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, gama mai yiwuwa jini ne ke taruwa a cikin ka. Domin ciwon kai a ba shi farasitamol. Kada ya sha asfirin, don tana ƙara zubar jini, balle tiramadol ko giya.

A dā a kan kwantar da mutum cikin ɗaki mai duhu har sai ya warke sarai. Yanzu an bar wannan. A shekarar 2022 masana suka taru a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a kan buguwar kai wurin wasanni, suka tsai da cewa hutun kwana 1 zuwa 2 ya isa, daga nan sai a soma motsa jiki kaɗan kaɗan. Manomi ma yana iya bin wannan hanya daki daki.

Daki na farko: kwana 2 yana gida, yana ɗan zagayawa cikin gida, ya rage kallon waya.

Na biyu: ya riƙa tattaki da safe ko da la'asar, ya yi aikin zaune a inuwa, kamar ɓarar gyaɗa ko zaɓen iri.

Na uku: ya je gona da sanyin safiya ya yi aiki mara nauyi na awa 1 ko 2, ya sha ruwa sosai, ya dawo kafin rana ta yi zafi.

Na huɗu: ya kama fartanya rabin yini, sa'an nan cikakken yini.

Na ƙarshe su ne ayyukan da a ke iya sake faɗuwa ko buguwa a cikinsu: hawan itace ko rumbu, shiga rijiya, riƙe garmar shanu, tuƙa babur, da aiki da inji. Waɗannan sai alamu sun ɗauke ƙaf, kuma likita ya yarda.

Kowane daki a yi masa aƙalla kwana 1. In ciwon kai ya ɗan motsa ya kuma lafa kafin awa guda, ba kome. In ya tsananta, a tsaya, a sake gwadawa kashegari. Dalilin wannan lallaɓawa shi ne, mai jiri ya fi saurin sake faɗuwa, kuma buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke tana tsawaita ciwon, a wurin yara da samari ma wani lokaci ta kan kai ga ajali.

Yaron makaranta ya kan iya komawa bayan 'yan kwanaki, ya fara da rabin yini, a gaya wa malaminsa ya sassauta masa. Amma kokawa da dambe da ƙwallo da hawan jaki sai karatunsa ya daidaita tukuna. Tsoho kuwa a sa masa ido har wata 2 ko 3, don jini ya kan tsattsafo a hankali cikin kan tsofaffi. In ya soma rikicewa ko tangaɗi, a kai shi asibiti a kuma faɗi buguwar da ya yi.

Yawancin mutane su kan warke cikin mako 2 zuwa 4. Wanda ya wuce haka bai ji daidai ba, ya koma wa likita.

Gaskiya ne damina ba ta jiran kowa, mai ciyawa a gona kuwa zama ba ya yi masa daɗi. Amma abin da a ka yi gayya dominsa ke nan. 'Yan'uwa da maƙwabta su taru su nome masa, gama asarar mako 2 ta fi asarar damina ɗungum sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyashe da manoma, ya ba da damina mai albarka, amin.