Kiɗan Amada a Tsakar Gida

Amada kiɗa ne na matan Hausawa. Ana yin sa a gidan biki ko gidan suna, galibi a tsakar gida inda mata ke taruwa. Kayan kiɗan ba su da tsada, domin ƙorai ne irin waɗanda ake aikin gida da su. Ana zuba ruwa a masaki ko baho, sai a kifa ƙaramar ƙwarya a kan ruwan, a riƙa dukanta da 'yan sanduna. Iskar da ke ƙarƙashin ƙwaryar ita ke ba da amo mai zurfi. Idan aka rage iskar, amon ya canja. Wasu ƙoran kuma a ƙasa ake kifa su, ƙararsu ta fi kaifi.

Ka san cewa a ƙasar Hausa akwai makaɗan fada, kamar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Irin waɗannan suna da ubangida mai ɗaukar nauyinsu. Mai amada ba ta da sarki, ba ta kuma da kamfanin da ke biyan ta albashi. Abincinta yana hannun matan da suka gayyace ta da waɗanda suka halarci taron. Saboda haka dole idonta ya kasance a kansu tun daga farkon wasa har ƙarshensa.

Ga yadda abin yake gudana. Jagorar waƙa takan fara ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓa. Kafin a daɗe, sauran mata sun shiga amshin, suna tafi. Wata ta ɗaure gyale a ƙugu ta faɗa fili tana rawa, ƙawayenta su bi ta. Wata tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Idan mawaƙiya ta hango uwar biki ko wata baƙuwa mai daraja, sai ta ambaci sunanta da na iyayenta a cikin waƙa. Nan take wadda aka ambata ta miƙe, ta zo ta yi liƙi, wato ta manna kuɗi a goshin mawaƙiya. Idan ka taɓa zuwa bikin Yarabawa ko na Ibo, ka san wannan al'ada. Wani lokaci kuma habaici ne zai fito, a kan kishiya ko a kan macen da ba ta da sana'a, kowa ya fashe da dariya domin an gane inda zancen ya dosa. Kiɗan yana ƙara sauri gwargwadon zafin rawa, gumi yana zuba, kana jin amon ƙwarya har cikin ƙirjinka. (Idan kai namiji ne babba, da wuya ka ga wannan da idonka. Sai dai ka jiyo shi daga zaure, domin fili ne na mata da ƙananan yara.)

Cikin fitattun masu amada akwai Uwaliya Mai Amada ta Kano, da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa a Jihar Katsina, wadda ta rasu a shekarar 2013. Barmani ta shahara da waƙoƙin da ke ƙarfafa mata su nemi na kansu. An ɗauki waƙoƙinta a kaset, yau kuma ana jin su a waya.

Saurarensu zai taimake ka wajen koyon Hausa, musamman karin magana da habaici. Amma kaset waƙar rana ɗaya kawai ya adana. A wajen taro, waƙa ɗaya takan yi tsawo ko ta gajarta, sunaye su canja, sabon habaici ya shigo, ya danganta da waɗanda ke zaune a gaban mawaƙiya. Matan Funtuwa suna da nasu sunaye da nasu labarai. Idan aka gayyace ta Zariya washegari, amshin yana nan yadda yake, amma sunayen na matan Zariya ne.